Yadda Baƙo Ke Zaɓen Yankin Farautar Elk a Amurka

A Amurka namun daji suna ƙarƙashin ikon jihohi. Kowace jiha ta yanka ƙasarta yanki-yanki, ta ba kowane yanki lamba, kuma duk shekara hukumar namun dajinta ce ke faɗin dabba nawa za a harba a cikinsa, da irin makamin, da ranakun. Elk, wato babbar dabbar nan dangin barewa mai ƙahoni masu rassa, na cikin waɗanda aka fi rububi a kansu. Namijin kan kai kilo 320, macen kuma kusan kilo 230, ka ce gwanki ne a wajen girma. Mafi yawansu suna tsaunukan yammacin ƙasar: Kolorado, wadda ta fi kowace jiha yawansu da kusan 300,000, sai Montana, Aidaho, Wayomin, Oregon, Niyu Meksiko, Yuta da Arizona.

In kana zaune a Teksas ko Niyu Yok ko Meriland, to a idon waɗannan jihohi kai baƙo ne. Kuɗin da za ka biya ya ninka na ɗan jiha sau da yawa, rabonka a ƙuri'ar da ake raba izinin farauta da ita ɗan kaɗan ne, kuma akwai dokokin da kai kaɗai suka shafa. Shi ya sa zaɓen yanki ya fi iya harbi muhimmanci a shekarun farko. Yankin da ya dace da kai shi ne wanda tikitinsa, wato takardar izinin harbin elk a cikinsa, zai iya fito maka, doka ta ba ka hanyar shiga cikinsa, ƙafarka za ta iya fito da nama daga cikinsa, kuma za ka iya komawa baɗi. Sunan da yanki ya yi a mujallu da bidiyo yana bayan waɗannan huɗun.

Fara da takardunka

Kafin ka kalli taswira, ka share gabanka. Kusan duk jihohin nan suna neman shaidar cewa ka yi kwas ɗin ilimin farauta: Kolorado ga wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949, Wayomin daga 1 ga Janairun 1966, Montana bayan 1 ga Janairun 1985. Ka yi kwas ɗin a jihar da kake zaune, sauran jihohi za su karɓi katin. In da baka da kibiya za ka yi farautar, Aidaho na neman shaidar kwas ɗin baka ko shaidar cewa ka taɓa riƙe izinin farauta da baka.

Sai maganar bindiga. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna da damar riƙe bindiga bisa dokar tarayya, matuƙar babu wani abin da ya hana su. Wanda ya shigo da bizar karatu ko aiki ko ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma mallakar lasisin farauta mai aiki na ɗaya daga cikin abubuwan da ke keɓe mutum. Wasu jihohin suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. In kana cikin wannan rukuni, ka ga lauyan shige da fice kafin ka taɓa bindiga, domin kuskure a nan kan taɓa zamanka a ƙasar baki ɗaya.

Kada kuma ka yi wa kanka lahani da cewa kai ɗan jiha ne don ɗan'uwanka na da adireshi a Denba, babban birnin Kolorado. Kolorado na buƙatar zaman wata shida, Wayomin shekara guda cur. Ƙarya a wannan wuri laifi ne, kuma jihohi na da yarjejeniya a tsakaninsu: wanda aka dakatar da lasisinsa a ɗaya, an rufe masa ƙofa a sauran.

Me ka je nema?

Wannan tambaya ce ke raba hanya, kuma mutane da yawa ba sa amsa ta da gaskiya. In nama kake so, tikitin mace ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, yawan masu dacewa da shi ma ya fi. In kowane namiji ya ishe ka, yankunan gama-gari, waɗanda ba sa buƙatar izini na musamman, sun wadatar. In kuwa ƙaton namiji mai rassa shida a kowane ɓangare kake mafarki, ka shirya jiran shekaru, ko ka shirya kuɗi masu nauyi. Shawarata ga mai farawa ita ce mace ko kowane namiji. Wanda bai taɓa feɗe elk a kan gangare ba, bai da dalilin ƙona shekara goma yana jiran yanki mai suna.

Makami ma na cikin tambayar, don shi ke zaɓa maka wata. Masu baka suna da Satumba, lokacin barbara, sa'ad da mazan ke kuka da ƙarfi suna tara mata, ana iya kiransu su matso. Yanayin na da daɗi amma zafin rana na iya lalata nama, kuma sai ka kusanci dabba sosai. Masu bindigar ɗuri irin ta adaka suna samun 'yan kwanaki, a Kolorado a tsakiyar Satumba. Masu bindigar zamani sai Oktoba da Nuwamba, bayan mazan sun yi shiru sun shige duhun daji, ga sanyi ga dusar ƙanƙara. Yanki guda na iya zama cike da elk a Satumba ya zama fayau a Nuwamba, saboda dusar ƙanƙara ta koro su ƙasa zuwa gonakin mutane. Don haka a nan yanki da kwanan wata tare ake zaɓensu.

Zaɓi jiha ta hanyar tsarin ƙuri'arta

A nan ne za ka daɗe, domin kowace jiha da irin nata lissafin. Maki shi ne abin da kake tarawa duk shekarar da ka nema ba ka samu ba, ko ka saya, kuma iri biyu ne. Makin fifiko layi ne: wanda ya fi yawa shi ke gaba. Makin ƙari kuwa yana ƙara yawan sunanka a cikin ƙuri'a ne kawai, ba ya ba ka tabbas. Akwai kuma jihohin da ba su san maki ba sam.

Kolorado ta daɗe a kan makin fifiko, kuma ana rufe karɓar buƙata ranar Talatar farko ta Afrilu. Sai ka sayi wani lasisi na share fage, kamar na ƙananan dabbobi, kafin a bar ka ka shiga. Rabon baƙi a yawancin farautun ƙuri'a kashi 25 ne cikin 100, tikitin kuma ya haura dala 800. Abin da ya jawo mata baƙi tun da daɗewa shi ne tikitin da ake saye kai tsaye ba tare da ƙuri'a ba. Daga 2025 an cire baƙi daga sayen na baka kai tsaye a yammacin babbar hanyar I-25, sai ta ƙuri'a, amma an bar na bindiga na namiji a zango na biyu da na uku na lokacin farauta da bindiga. Sauƙin samunsa shi ne kuma aibinsa, domin duk wanda ya rasa a wata jiha nan yake gangarowa. Su kuwa yankunan arewa maso yamma masu suna, irin su 2 da 10 da 201, baƙo na buƙatar maki sama da 25. Wanda ya fara tarawa yau ba zai cim musu ba, saboda makin da ake buƙata na ƙaruwa kusan duk shekara, masu jira sun fi tikitin yawa.

Wayomin ita ke buɗe shekara, ana rufe wa baƙi a ƙarshen Janairu, kuma kuɗin tikiti gaba ɗaya za ka biya tun lokacin nema, a mayar maka in ba ka samu ba. Baƙi na da kashi 16 cikin 100 na tikitocin da aka ƙayyade. Ana raba kashi 75 bisa maki, kashi 25 kuma ƙuri'a ce zalla, don haka mai maki sifili ma yana da ɗan rabo. Layi biyu ne: na yau da kullum, wanda a 2024 yake dala 692, da na musamman a dala 1,950. Tikiti iri ɗaya ne, tsadar ce kawai ake sa ran za ta rage masu nema, kuma ba a kowane yanki take ragewa ba, sai ka duba alƙaluman. Ana iya sayen maki shi kaɗai tsakanin Yuli da Oktoba, amma in ka yi shekara biyu a jere ba ka saya ba ba ka nema ba, makinka ya tafi. Daga 2024 an raba tikitin gama-gari na baƙi zuwa shiyya uku, yamma da kudu da gabas. Ga kuma dokar da ta fi kama baƙi a Wayomin: ba ka da ikon farautar manyan dabbobi a cikin dajin da dokar tarayya ta keɓe, wanda ba a shiga da mota, sai tare da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jihar da ya karɓi izinin raka ka. Yanki zai iya zama kore shar a taswira, amma rabinsa haramun ne gare ka in kai kaɗai ne.

Montana na rufewa 1 ga Afrilu, kuma hawa biyu ce. Da farko sai ka samu tikitin gama-gari na baƙi, wanda ya haura dala 1,000, ana raba shi da makin fifiko. Bayan shi ne ake neman izini na musamman na wasu yankuna, da makin ƙari, inda rabon baƙi bai wuce kashi 10 ba. Alherin tikitin gama-gari shi ne tsawon lokaci: kusan mako shida na baka da mako biyar na bindiga da takarda ɗaya. Jihar na da wani shiri da take biyan masu filaye don su bar mafarauta su shiga kyauta bisa rajista, wanda ke buɗe filaye masu yawa.

Aidaho ba ta da maki ko kaɗan. Ta raba ƙasarta shiyya 28 na elk, kowace shiyya da tikiti iri biyu: A ya fi karkata ga baka da bindigar ɗuri, B ga bindigar zamani. Shekaru da dama ana sayar wa baƙi tikitin gama-gari ranar 1 ga Disamba, wanda ya riga ya samu, har layin intanet ya zama abin kuka. Daga farautar 2026 an mayar da shi ƙuri'a a watan Disamba. Ƙasar tana da tsayi da gangare mai wuya, kuma akwai kyarkeci.

Niyu Meksiko ma ba maki, kowa daidai yake kowace shekara, ana rufewa a tsakiyar Maris. Sai dai rabon: kashi 84 na 'yan jiha, kashi 10 na waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin jagora, kashi 6 kacal na baƙon da ke tafiya da kansa. Ba a yarda baƙo ya nemi tikitin mace a ƙuri'arta ba. Dajin Gila, yankuna 15 da 16, ya yi suna da manyan maza, kuma samunsa sai mai rabo. Arizona na rufewa a farkon Fabrairu, tana amfani da makin ƙari, rabon baƙi bai wuce kashi 10 ba, kuma sai ka sayi lasisin shekara kafin ka tara maki. Jiha ce ta dogon jira.

Idan ka haɗa wannan duka, tsarin da ya fi ma'ana ga mai matsakaicin aljihu shi ne jiha ɗaya da za ka iya zuwa bana ko baɗi, kamar Kolorado ko Aidaho, da jiha ɗaya da kake tara maki na shekara uku zuwa biyar, kamar Wayomin. In da sauran kuɗi, ka jefa ƙuri'a a Niyu Meksiko ka manta da ita. Tara maki a jiha shida lokaci guda asarar kuɗi ce ga yawancin mutane. Ka kuma sa nisan tuƙi cikin lissafi: wanda ke Teksas ya fi kusa da kudancin Kolorado da Niyu Meksiko, kuma yankin da za ka kai cikin yini guda da mota ya fi wanda sai ka hau jirgi sau biyu.

Tace yankuna da alƙaluman hukuma

Da ka tsayar da jiha, shiga shafin hukumar namun dajinta ka sauke takardu iri biyu, dukansu kyauta ne: rahoton ƙuri'ar shekarun baya da rahoton abin da aka harba. Akwai kamfanoni irin su GoHunt da ke tattara su su sayar a tsare, amma tushen na hukuma ne.

A rahoton ƙuri'a, layin baƙi za ka duba, ban da na 'yan jiha. Nemi maki mafi ƙanƙanta da aka samu tikiti da shi, na shekara uku zuwa biyar a jere. In ka ga 2, sai 3, sai 4, to kada ka zo da maki 4 kana tsammanin ka isa. Duk yankin da makinka bai kai ba kuma ba zai kai ba nan da shekara biyu, soke shi yanzu.

Rahoton harbi kuwa yana yaudarar wanda bai iya karanta shi ba. Za ka ga yanki da aka rubuta kashi 45 cikin 100 sun dace, ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Tambayi kanka su wa suka dace. In yawancin ƙasar yankin ta masu kiwo ce, waɗanda suka biya dubban daloli suka shiga gonaki ne suka ɗaga lambar, kai da za ka tsaya a ɗan ƙyallen filin gwamnati ba ka cikin lissafin. Duba ko lambar ta haɗa maza da mata, domin harbin mata kan kumbura ta. Duba mutum nawa aka tambaya: kashi 60 na mafarauta goma ba hujja ba ce. A yankunan da ake sayen tikiti kai tsaye, ba abin mamaki ba ne ka ga mutum ɗaya cikin goma ne ya koma da nama, kuma yawanci mutanen da suka san wurin ne suke maimaitawa.

Lambobi biyu sun fi mini amfani. Ɗaya ita ce yawan mafarauta idan aka raba da faɗin filin gwamnati da ake iya shiga, wato cunkoso. Ɗayar kuma yawan maza a kan kowace mace 100, wanda hukumomi ke ƙirgawa bayan farauta. Inda lambar ta yi ƙasa, ana harbe mazan tun suna ƙanana. Ka kuma bincika abin da ya faru a yankin kwanan nan. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya kashe dabbobi masu yawa a arewa maso yammacin Kolorado, wajen garin Craig, har hukuma ta rage tikiti sosai. Wanda ya dogara da alƙaluman 2021 a wannan wuri ya yi aiki da tsohon labari.

Bayan wannan tacewa, kada abin da ya rage a hannunka ya wuce yanki uku zuwa biyar.

Filin wa ne, kuma ta ina ake shiga?

Baƙo marar ɗan jagora a filin gwamnati yake farauta. Hukumar gandun daji ta tarayya na riƙe da eka miliyan 193, hukumar kula da filayen tarayya ta BLM kuma kusan eka miliyan 245, mafi yawansu a yamma, kuma a buɗe suke ga mai tikiti. Wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone ba a farauta a cikinsu. Filayen jiha kowace da dokarta, a Kolorado yawancinsu a rufe suke sai waɗanda aka sa cikin shirin shiga.

Ka nemi yankin da aƙalla rabinsa filin gwamnati ne, a dunƙule. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne: akwai miliyoyin eka na gwamnati da filayen mutane suka kewaye, babu hanyar jama'a da ta kai gare su. Buɗe manhajar taswira irin onX Hunt, wadda ke nuna iyakar kowane fili da mai shi, ka bi hanyar da yatsa tun daga kwalta har inda za ka ajiye mota. In ta ratsa filin wani, tabbatar hanyar ƙaramar hukuma ce ko ta gandun daji. Hukumar gandun daji na buga taswirar hanyoyin mota ta kowane daji, mai nuna wadda ke buɗe da watannin da ake rufe ta. A jihohi irin su Kolorado da Wayomin, mai fili ba dole ne ya kafa allo ko shinge ba, nauyin sanin iyaka a kanka yake.

Akwai wuraren da filayen suka jeru kamar gidajen dara, ɗaya na gwamnati ɗaya na mutum, gado daga filayen da aka ba kamfanonin jirgin ƙasa a ƙarni na 19. An daɗe ana jayayya kan ko mutum zai iya tsallakawa daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata ba tare da taka na mutum ba. Wasu mafarauta huɗu daga Mizuri sun yi hakan a dutsen Elk Mountain na Wayomin, mai filin ya kai su ƙara, kuma a Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 10 ta ba su gaskiya. Hukuncin ya shafi Wayomin, Kolorado, Yuta da Niyu Meksiko, bai kai Montana da Aidaho ba, don suna wata shiyyar. Ko a inda ya shafa, ban ga dalilin da mai zuwan farko zai gina tafiyarsa a kan kusurwa ba, alhali ga dazuzzuka a dunƙule.

Auna ƙasar da jikinka

A Kolorado, elk na Satumba sukan zauna tsakanin mita 2,700 da 3,500 sama da teku. Mutumin da ya taso daga Hiyuston ko Niyu Yok, inda ƙasa ke daidai da teku, zai ji numfashinsa ya gaza, ga ciwon kai da rashin barci, kuma ciwon tsauni kan fara tun daga mita 2,500. Ka ware kwana biyu na sabo kafin ranar buɗewa, ko ka zaɓi yanki mai ƙarancin tsayi.

Aikin gaske yana farawa ne bayan dabba ta faɗi. Namiji na ba da nama kilo 80 zuwa 100 bayan an cire ƙashi, kuma a bayanka za ka fito da shi, sahu huɗu ko biyar in kai kaɗai ne. In ka harbe shi kilomita biyar daga mota, lissafa zuwa da dawowa, rabi da kaya a baya, a kan gangare da faɗaɗɗun itatuwa. Barin nama ya lalace a daji laifi ne a duk jihohin nan. Saboda haka ka zana da'ira a taswira, kilomita uku zuwa biyar daga inda mota ke tsayawa, ka tambayi kanka ko akwai wurin zaman elk a cikinta. Kusa da hanya sosai mutane sun yi yawa. Can ciki sosai kuma masu dawakai ne da sansaninsu. Tsakanin nan ne rabon mai tafiya a ƙafa, musamman inda sai an haura tudu mai wuya ko an tsallaka rafi tun daga farko, don yawancin mutane ba sa so.

Sai beyar girizili. Tana nan a kewayen Yellowstone, wato arewa maso yammacin Wayomin da kudu maso yammacin Montana da gabashin Aidaho, da kuma arewa maso yammacin Montana. Babu ita a Kolorado, Yuta, Arizona da Niyu Meksiko. Warin jini da kayan ciki na jawo ta. Mutane na farauta a can kowace shekara, da feshin korar beyar a ƙugu da rataye abinci nesa da tanti, amma mai zuwan farko shi kaɗai ya fi kyau ya fara a wani wuri.

Leƙa yankin daga gida, sannan ka kira

Elk na neman abu uku kusa da juna: ciyawa, ruwa da mafaka. A Google Earth ka nemi gangaren da ke fuskantar arewa mai duhun itatuwa, nan suke kwanciya da rana don sanyi. Ka nemi fili mai ciyawa ko wurin da gobara ta ci shekaru kaɗan da suka wuce, inda sabon tsiro ya fito, nan suke kiwo da asuba da magariba. Ka nemi idon ruwa da ƙorama, da ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar gangare, da mashigi tsakanin tuddai biyu inda suke ƙetarawa. Iska a tsauni na gangarowa ƙasa da safe da yamma, ta hau sama in rana ta yi zafi, kuma hancin elk ya fi idonsa, don haka ka duba ta ina za ka tunkari kowane wuri. Sa alama a wurare biyar zuwa takwas masu mashiga dabam-dabam. Za ka iya isa na farko ka tarar da motoci goma sha. Yankin da wuri ɗaya tak ya ba ka, ajiye shi.

Daga nan ka kira ofishin hukumar da ke kula da yankin ka nemi masanin dabbobi ko jami'in gandun daji. Kada ka ce masa ina elk suke, ya ji wannan sau ɗari. Ka ce ka duba kwari kaza da kwari kaza, wanne ya fi cunkoso a zango na biyu, yaushe dabbobin ke gangarowa, wace hanya ce ke lalacewa in an yi ruwa, ana kiwon tumaki ko shanu a wurin a Satumba? Wanda ya nuna ya yi aikinsa shi ake ba amsa mai amfani. In hali ya yi, ka je da kanka a Yuli ko Agusta, ko na kwana uku ne, ka ga hanyoyi da wurin kafa tanti da inda wayarka ke samun sabis. Zuwa da kai ya fi aike.

Cike takardar nema

Karanta littafin dokokin shekarar da kake nema, don ranaku da kuɗi da iyakoki na canzawa. Kowace farauta na da lambarta da ta ƙunshi yanki, jinsi, makami da zango, kuma kuskuren harafi ɗaya zai kai ka wata farautar dabam. Ka san yadda jihar ke duba zaɓi. A Kolorado da Wayomin zaɓin farko ne ke cin maki, in ka samu na biyu makinka na nan, don haka mutane kan sa babban buri a farko su sa mai sauƙi a na biyu. Niyu Meksiko na duba zaɓinka uku kafin ta wuce zuwa mutum na gaba, sai ka jera daga mafi wuya zuwa mafi sauƙi. In za ku nema a ƙungiya, Kolorado na ɗaukar makin wanda ya fi ƙaranci a cikinku, Wayomin kuma tana raba jimillar daidai. Tabbatar katin bankinka ba zai ƙare aiki ba kafin ranar cire kuɗi, don ana rasa tikiti ta wannan hanya. In ba ka samu ba, Kolorado na da ƙuri'a ta biyu da kuma sayar da ragowar tikiti a Agusta.

Akwai ƙananan dokokin yanki da ya kamata ka sani tun kafin ka danna. A yankuna da yawa na Kolorado, namiji bai halatta ba sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya ko reshen goshi mai inci biyar. Ana barin shaidar jinsi a manne da nama har a kai gida. Ga Musulmi, malamai sun yi bayanin ambaton sunan Allah lokacin sakin harbi da yanka dabbar in an same ta da sauran rai, sai ka riƙe wuƙa mai kaifi a kusa.

Abu na ƙarshe da zai iya sa ka fifita wani yanki a kan wani shi ne cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa da elk, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967. Hukumomi na buga taswirar inda ta yi yawa, wasu yankuna gwaji dole ne, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. Jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga inda cutar take, don haka ka duba dokar jiharka da ta jihohin da za ka ratsa. Ka cire ƙashi tun a can, ka wanke ƙoƙon kai tas in za ka taho da ƙahoni, ka kuma nemo tun daga gida garin da ke kusa da yankin mai mahauci da ɗakin sanyi da wurin sayen ƙanƙara, ka rubuta lambar wayarsu a takarda.